Masu Zama a Tsakanin Taya

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Direba ya durƙusa gindin babbar motarsa a ƙofar gida. Tsohuwa ce, mai taya bibbiyu a baya. Ya sayo ta ne daga bayan wani gareji da aka rufe, inda ta shekara da shekaru cikin ciyawa. So yake ya kankare tsatsar ƙarfen tayoyin, ya fesa musu fenti, ta fara fita aiki.

Ya sa ƙarfe ya ɓamɓare murfin tayar baya. Wani sanyi ya huro daga ciki, mai warin ɗaki da aka daɗe ba a buɗe ba. Matarsa ta leƙo.

"Maigida, magariba ta yi. Ka bari sai gobe mana."

"Tsatsar nan ba ta san magariba ba," ya ce yana dariya.

Ya goga da burushin waya har hannunsa ya yi ja. Inda burushin bai kai ba, cikin ramin da ke tsakanin tayoyin biyu, ya kwarara kananzir. Sai wani abu ya yi ƙara, siririya, kamar ta jariri. Ya leƙa. Duhu ne kawai.

Suna cin abinci aka fara jifan kwanon ɗaki. Ya fita ya duba, ba duwatsu ba ne, notoci ne masu tsatsa, da zafinsu. Da ya dawo ya tarar da Auta, 'yarsa budurwa, ta ajiye cokali, ta dafe idonta na hagu, tana jijjiga kamar mai goyo.

Kullum rana ta faɗi haka ake yi. Auta ta daina cin abinci. Idon ya kumbura, kayanta suna warin kananzir ko an wanke. An je asibiti, ba a ga komai ba. Direba ya daina barkwanci. Idan ya wuce motar sai ya kawar da kai.

Wani yammaci ya ɗauko Malam, dattijo mai yi wa masu irin wannan ciwo karatu. Malam ya zauna bakin tabarma ya fara, a hankali, ba ya ɗaga murya. Can Auta ta miƙe zaune. Muryar da ta fito ba tata ba ce, ta wata babbar mace ce, a shaƙe.

"Ya ɗauko mana gida bai yi sallama ba. Ya zuba wa ɗana wuta a ido."

Direba ya matso kusa. "Wallahi ban san da ku ba."

"Ni ma haka na ce wa yaron. Bai daina kuka ba. Idon wannan nake so."

"Ba za ki samu ba," in ji Malam. "Ita ba ta taɓa ki ba. Faɗi abin da za a iya."

Uwar Auta ta toshe bakinta da mayafi.

"Tayar ciki," muryar ta ce. "Da tsatsarta. A mayar inda aka ɗauko. Shi zai kai, da hannunsa, kada ya waiwayo."

"Ke kuma ki fita yanzu, ba sai an kai ba," in ji Malam.

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta zube a cinyar uwarta.

Direba ya ɗaga motar da jak, ya kwance tayar waje, ya zaro ta ciki. Ya gara ta, ya bi ta gefen titi, mutane suna kallonsa, nauyinta kamar da mutum a kai. Da ya kai bayan garejin, tayar ta kuɓuce masa, ta shiga ciyawa a tsaye, ta kwanta ba ƙara. Ya juya. A bayansa ya ji ana rarrashin yaro. Bai waiwaya ba.

Ya iso gida gumi ya jiƙe shi. Auta tana zaune tana shan ruwa, idon ya fara buɗewa. Ya tsuguna gabanta.

"Baba," ta ce da muryarta ta gaske, "ya yi barci?"