Farantin da Auta Ta Ajiye a Ƙofa

Tun ranar da Auta ta sauka a gidan ɗaliban nan take fama da tukunya. A gidansu mutum goma sha huɗu ake dafa wa abinci, a can kuma hannunta ya koyi awo. In ta zuba shinkafa kofi guda sai ta ga kamar wasan yara take, ta ƙara, ta sake ƙarawa, kafin ta ankara tukunya ta cika har murfi na rawa.

Su huɗu ne a gidan, kowa daga ƙasarsa, kowa da irin Turancinsa. Akwai Likita, mai karatun asibiti, wadda ba ta da zance sai na doka. Ita ta manna jadawalin shara da wanke banɗaki a jikin firji, ita ta raba wa kowa inda zai ajiye kayansa a ciki. Akwai Doguwa mai zanen gine-gine, kullum kunnenta a toshe da waƙa. Su biyun da Auta suna sama. Ɗakin ƙasa kuwa, kusa da ƙofar shigowa, wani saurayi ne a ciki mai karatun injiniya, wanda Auta ta laƙaba wa Mai Keke saboda kekensa da ke tare hanya.

Ɗakin ƙasan nan shi ya hana Auta sakewa. Ofishin makaranta ne ya raba gidaje, ba wanda ya tambaye ta. Ran da ta iso ta ga takalman namiji a bakin ƙofa. Washegari ta koma ofis, aka ce ta sa suna a layi sai an samu gurbi. Amma da Malam ya kira ya tambaye ta su wa ta tarar a gidan, sai bakinta ya riga hankalinta.

"Duk mata ne," in ji ta.

Malam shi ne wanda za ta aura in ta gama karatunta na shekara guda. Malamin lissafi ne a sakandare, mutum mai sanyin hali, shi ya tsaya kai da fata har mahaifiyarsa Hajiya ta yarda aka ɗaga biki aka bar yarinya ta tafi. Hajiya da baki ta yarda, zuciyarta kuwa tana jiran ranar da za ta ce ai dama na faɗa. Auta ta san haka, shi ya sa ta yi ƙaryar. Ni dai ban ce ta kyauta ba, amma na san irin tsoron da ke tura mutum can.

Makonnin farko a tsaye ta yi su. Ta hau bas ɗin da ba nata ba har sau uku, ta shiga lakca a makare kowa na kallonta, ta ɓata a laburare tsakanin hawa na biyu da na huɗu. Amma duk wannan bai dame ta ba kamar cin abinci ita kaɗai. Mutanen gidan kowa zai ɗumama nasa ya ci a tsaye ya wuce, ba tayi ba komai. Ita kuwa in ta ɗaga cokali wani ya gifta, sai lomar ta tsaya mata a wuya. Ga tukunya cike tana kallonta.

Sai ta fara zubawa a faranti uku, ta rufe, ta ajiye a ƙofar kowa, ta ƙwanƙwasa ta gudu. Likita ta fito da farantin a hannu ta yi mata bayanin cewa wannan ba ya cikin jadawali, ba wanda ya ɗora mata. Amma ta cinye tas ta wanke farantin. Kafin wata biyu kicin ɗin ya zama wurin hira: Doguwa na yanka albasa tana hawaye, Mai Keke na wanke-wanke yana rera waƙar ƙasarsu da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan. Abu ɗaya Auta ta roƙe shi, in za ta yi bidiyo kol da gida ya taimaka ya ɓace, ya kawar da takalmansa. Ya ɗauki abin wasa, har da sanɗa yake.

Godiya ce ta jawo masifar. Ran da Mai Keke ya gama wata jarrabawa mai zafi ya dawo ya tarar da faranti a ƙofarsa, sai daɗi ya kama shi. Ya ɗauki hotonsa da farantin ya sa a shafinsa, ya haɗa da sunan Auta, ya rubuta cewa wata uku ke nan kullum wannan baiwar Allah sai ta ajiye masa abinci a ƙofar ɗaki.

Yayar Malam ce ta fara gani. Ita dama ba abin da ke wuce ta a waya. Kafin la'asar hoton ya zagaye dangi, kowa na ƙara masa gishiri.

Auta na cikin bas wayar Hajiya ta shigo. Ko gaisuwa ba a bari ta gama ba. Hajiya ta tambaye ta ko gidan da aka ce duk mata ne, matan can gemu gare su. Ta ce an bar ta ta je neman ilimi, ashe girki take wa ƙato har ƙofar ɗaki. Sannan ta yanke hukunci: ko ta bar gidan nan kafin ƙarshen wata, ko maganar aure ta tashi.

Nan take Auta ta kira Malam, bai ɗauka ba. Sai saƙo ya shigo, layi ɗaya tak: "Ba zaman gidan ne ya yi mini ciwo ba. Ni da na tsaya miki, ni kika rufe." Daga nan shiru.

Kwana tara Auta ba ta zauna ba. Ta koma ofis, aka nuna mata sunanta na goma sha bakwai a layi. Ta bi tallan ɗakuna unguwa-unguwa: wannan an riga ta, wancan tafiyar awa biyu ne zuwa makaranta, wani kuma maza uku ta tarar a ciki. A lakca ido na kan allo, yatsa na kan waya ko Malam ya yi magana. Ta rubuta masa saƙo ta goge ya fi sau ashirin. Ummanta ta kira tana kuka, ta ce yayar Malam har ta fara kai masa hotunan 'yan mata. Auta ta daina girki, ta rame, ko abin kirki ba ta iya karantawa.

Ranar Asabar Likita ta tare ta a kicin ta ce sai ta faɗi abin da ke faruwa. Da suka ji, Mai Keke ya dafe kai yana ta sori, sori, ya goge hoton nan take. Doguwa ta cire abin kunnenta ta kawo dabara: a kai keken gidan maƙwabta, a kwashe takalma, a kira gida a nuna musu ɗakin a ce ya tashi. Minti goma an gama.

Wallahi Auta ta so ta yarda. Har ta miƙe ta kama kan keken. Sai ta tuna ƙarya ɗaya ce ta kawo ta nan, ga shi tana shirin ɗora mata ta biyu. Ta saki keken ta ce su zauna duka, ita za ta kira Hajiya ta bidiyo.

Hajiya ta ɗauka, fuska ba annuri. Auta ta durƙusa a tsakar kicin ta gaishe ta, ta ce ta yi ƙarya tun farko, ba ta samu wani ɗaki ba, ga mutanen gidan nan Hajiya ta tambaye su duk abin da take so. Hajiya ba ta jin Turanci, don haka Auta ce tafinta.

Hajiya ta yi tambayoyi kamar alƙali. Likita ta ce faranti uku ake ajiyewa, ba ɗaya ba, kuma dokar gida ta hana na ƙasa hawa sama. Doguwa ta ce Auta daga makaranta sai gida. Auta na fassarawa, zuciyarta na ɗan sanyi. Sai Hajiya ta nuna Mai Keke.

"Tambaye shi. Wata uku muna kira, ya aka yi ko tarinsa ba mu taɓa ji ba?"

Mai Keke, bawan Allah, ya zage ya ba da labari yana dariya. Ya ce ai Auta ce ta roƙe shi ya riƙa ɓuya, takalmansa ma a bayan injin wanki ake cusa su. Ya ce akwai ranar da ya yi minti arba'in a banɗaki yana jiran a gama gaisawa da dangi.

Hajiya ta zuba ido tana jira. Ba abin da zai hana Auta ta ce yaron kullum yana laburare. Wa zai ƙaryata ta? Amma, hawaye na zuba, ta faɗa kamar yadda ya faɗa: roƙon, takalman, injin wankin, har da minti arba'in ɗin.

Sai hoton ya girgiza, aka juya wayar gefe. Malam ne zaune kusa da mahaifiyarsa, tun farko yana ji.

"Haka ya faɗa, Hajiya," ya ce a hankali. "Ba ta rage ko kalma ɗaya ba."

Auta ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Malam ya ce ta yi shiru haka nan, kwana taran nan shi ma ba daɗinsu ya ji ba, ya yafe. Hajiya ta dawo da wayar gabanta ta ce ita ta ce ya zauna ya yi shiru, don ta san wadda za ta kawo cikin gidanta. Ta ce da an canza magana guda, da yau ta gama da zancen. Ta ce Auta ta zauna a gidan har a samu gurbi, amma a daina bin ƙofofi da faranti, a ajiye tukunya a tebur mai so ya ɗiba.

'Yan mata, ku ji da kyau. Halin da kika samu kanki a ciki ba da son ranki ba, ba laifinki ba ne, ɓoye shi ne laifin. Wanda ya tsaya miki ya cancanci gaskiya tun ranar farko, ko da za ta yi ɗaci. In kuma kin riga kin kauce, ki yi haƙuri ki ɗauki kunyar lokaci guda, ya fi ki kwana kina gadin ƙarya.

Mutanen gidan ba su fahimci ko kalma ɗaya ba, suna ta raba ido. Likita ta taɓa kafaɗar Auta ta tambaye ta a hankali ko an fasa auren ne. Kafin ta amsa, muryar Hajiya ta sake fitowa daga wayar.

"Tashi daga durƙuson nan, ƙasa da sanyi. Ki share hawayenki ki ci abinci, duk kin rame. Ba na so a kawo mini 'yata a haka."