Zanen Sama na Mama Adaku

"Rosie! Rosemary! Ki tsaya mana!"

Ba ta tsaya ba. Ta fito daga ƙofar asibitin kamar wadda aka biyo da bulala, jaka rungume a ƙirji, ta taka taɓo ba ta ma sani ba. Sai a gindin mangwaron da 'yan acaɓa ke fakewa Onyedi ya cim mata, ya sha gabanta yana haki.

"Me ke damunki ne? Nas tana ta ƙwala kiran sunanki, kowa yana kallona!"

"Wa ya aike ka?" in ji ta. "Wa ya ce ka kira Dokta Gershon?"

"Haba Rosie! Taimako fa na yi. Kin ce ƙirjinki na ciwo, na ce me zai sa matar da zan aura ta bi layi tun safe? Mutumin cocinmu ne, ya ce shi da kansa zai duba ki..."

"Da kansa!" Ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Allah, na shiga uku..."

Onyedikachukwu ke nan, Onyedi a bakin kowa, jikan ma'aikacin jirgin ƙasa, haifaffen Kafanchan, mai shagon kayan mashin kusa da tasha. Mutum ne da ko allura zai saya sai ya nemi wanda ya sani a shagon. A wurinsa nema wa mutum hanya shi ne ƙauna, bai san wannan karon hanyar ce ta ɓata komai ba.

Don Dokta Gershon ba baƙo ba ne. Shi ne mai ƙatuwar muryar nan da ke tsayawa daidai bayanta a ƙungiyar mawaƙan coci, wato kwaya, kowace Lahadi, mai sunkuyowa ya ce, "Malama, kin yi sauri, jira mu." Tun da safe ta raɗa wa nas cewa likita mace take so, aka ce wadda suke da ita an mayar da ita Kaduna. Tana cikin wannan fargabar sai ga shi ya leƙo yana murmushi, yana yafito ta da hannu.

"Onyedi..." Ta kalli ƙasa. "Ba ƙirji ba ne. Nono ne, na hagu. Akwai ƙullutu a ciki... tun kafin bikin Ista."

Makullin mashin ɗinsa ya suɓuce ya faɗi. Ya san abin da ya kashe mahaifiyarta, shi ma yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin.

"Yesu! Tun kafin Ista? To ai yanzu za mu koma ciki! Abeg, masoyiyata, zo mu je..."

"In koma in cire masa riga? Ya sa hannu? Ran Lahadi kuma in tsaya a gabansa ina rera waƙa kamar ba a yi komai ba?"

"Likita ne fa!"

"Namiji ne!"

"To zan shiga tare da ke."

"Kai?" Ta yi wata dariya mai haɗe da kuka. "Kai mace ce? Ko har an yi auren ban sani ba?"

"Rosie, kunya ce za ta fi ranki? Ni fa? Ba ki tunanina?"

Wannan maganar ce ta ƙarasa ta. Ta zare zoben alkawarin, ta jefa a aljihun rigarsa, hawaye na zuba.

"Ka nemi mai lafiya. Dama mamanka ba ta taɓa sona ba."

Kafin ya buɗe baki ta haye acaɓa.

* * *

Ta daina zuwa kwaya. Makarantar firamaren da take koyarwa ma da ƙyar take zuwa, ta tsaya gaban allo alli a hannu ta manta abin da za ta rubuta. Wayarta a kashe. Babanta, Malam Andrawus, tsohon katikis mai koyar da addini a coci, ya tambaye ta sau biyu, ta ce zazzaɓi ne. Yaya za a yi 'ya ta buɗe baki ta faɗa wa ubanta irin wannan?

A banɗaki tsoron ya fi kama ta. Sai ta rantse ba za ta taɓa wurin ba, kafin ta ɗauraye sabulu yatsunta sun je. Yana nan, ɗan ƙarami kamar gyaɗa, ba ya ko ciwo. Yau ta ga kamar ya ƙaru, gobe ta ce a'a ya ragu, jibi gabanta ya faɗi har ta zauna a kan bokiti.

Haka na mahaifiyarta, Bernice, ya fara. Mace ce mai kunya ta ƙin ƙarawa, 'yar Samaru Kataf, wadda ko shanya kayan cikinta ba ta yi a waje. Ta ɓoye nata har sai da ya fashe. Rosemary ce ta yi jinyarta, ita ta wanke tsummokaran, har yau kuma in ta rufe ido tana jin warin ɗakin. Tana kuma jin muryar: "Bayan babanki, ba namijin da zai ga jikina. Ke ma ki riƙe mutuncinki."

To wanne za ta bi? In ta je asibiti, gani take ta ci amanar tarbiyyar uwarta. In ta zauna, ta san inda hanyar take ƙarewa, ta taɓa raka mutum har can. Tsoro biyu suka sa ta a tsakiya, kowanne na jan zanenta.

Ranar Alhamis da la'asar, ana tsuga ruwa, aka buga ƙofa. Ta buɗe. Mama Adaku ce, mahaifiyar Onyedi, da ƙatuwar lema da zane biyu ɗaure kamar kullum, ɗaya har ƙasa ɗaya a sama, irin ɗaurin matan aure na Ibo. Mai shagon atamfa ce a kasuwa, ba ta dariya sai da dalili. Rosemary ta daɗe da yanke cewa matar nan 'yar Enugu take so wa ɗanta.

Ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Mama."

"Ka tashi. Babanka yana nan?"

Hausar Mama Adaku ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne a bakinta.

"Ya tafi coci, Mama."

"Ya yi kyau. Ka rufe ƙofa, ka ja labule."

Shi ke nan, ta zo ta ƙarasa rabuwar, in ji Rosemary a ranta.

"Yarona ba ya cin abinci. Ya zauna a shago kamar an yi mutuwa, sai da na matsa shi ya gaya mini." Ta ajiye lemar. "Ka duba nan."

Ta fara ɓalle maɓallan rigarta. Rosemary ta kawar da kai da sauri.

"Na ce ka duba!"

Mama Adaku ta sa hannu a rigar nono ta zaro wani dunƙulen ƙyallaye, ragowar yankan atamfa da aka naɗe tsaf aka ɗinke. Inda ya fito babu komai. Fata ce shafe, da dogon tabo har zuwa hammata.

Rosemary ta toshe baki. "Mama...!"

"Onyedi yana firamare lokacin. Shi ya san ciwon ciki ya kai ni Jos. Ni da babansa da Allah kawai muka sani, yau ka zama na huɗu." Ta zauna a bakin gado. "Likitana namiji ne, gemu har nan. Da ya ce in cire riga, sai na ƙanƙame rigar. Na yi kuka kamar yaro. Amma kunyar nan, kafin in kai gida ta fara tafiya. Ni kuma ga ni, ina jiran jikoki."

"Ina tsoro, Mama... wallahi ina tsoro. Mamata ta ce..."

"Na san Bernice. Ƙungiyar mata ɗaya muke, mutumin kirki. Da na san abin da yake ɓoyewa, da na buɗe mata riga kamar yadda na buɗe maka. Ban sani ba sai da aka buga ƙararrawar mutuwa a coci." Ta kamo hannun Rosemary. "Ka ce ba na sonka? Ina kallonka ne, ina cewa wannan yarinya shiru ya yi mata yawa, irin na mamanta. Shirun nake tsoro, ba kai ba."

Rosemary ta faɗa jikinta, a ɓangaren da babu komai, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

"Gobe da safe," in ji Mama Adaku tana shafa bayanta. "Ni zan shiga da kai. Yaron nan kuma a waje zai tsaya, shi da sanayyarsa."

* * *

Washegari a asibiti aka kira sunanta. Onyedi na kan benci, ido jawur, ya miƙe zai yi magana, uwarsa ta harare shi ya koma ya zauna.

Ɗakin na warin magani. Ga gado mai shimfiɗar roba, ga Dokta Gershon cikin farar riga. Rosemary ta waiga tana neman ƙofa, Mama Adaku ta riƙe hannunta gam.

"Dokta, kafin komai," in ji Mama, da muryar da take yanke ciniki. "Nas mace zai tsaya. Ni ma zan tsaya. Kafin ka taɓa, ka faɗa. In ya ce ka tsaya, ka tsaya."

"Haka ya kamata, Mama, ko ba ku faɗa ba." Ya kira Nas Hellen, sannan ya dubi Rosemary, ba murmushin coci a fuskarsa. "Malama, abin da aka yi a ɗakin nan, a nan yake zama, ko matata ba ta ji. In kin fi so, zan tura ki wurin likita mace a Kaduna, sai dai za ki jira layi, ni kuma ba na son a ƙara jinkiri. Zaɓi naki ne."

Ta tuna tsummokaran nan. Ta tuna tabon jiya.

"A yi... a yi yau," ta ce, da ƙyar aka ji.

Likita ya juya baya ya shiga wanke hannu. Ta kama maɓallin farko, ta kasa cirewa. Sai ta ji motsi, ta ɗaga ido: Mama Adaku ce ke kwance zanenta na sama, a gaban mutane, matar da ba a taɓa gani da zane ɗaya a garin nan ba. Ta lulluɓe ta da shi tun daga wuya har gwiwa, ta taya ta cire rigar, ta bar ɗan wurin da za a duba kawai. Zanen na da ɗumi, yana ƙanshin sabulu da sabuwar atamfa.

"Zan fara da na dama, Malama. Hannuna da ɗan sanyi."

Ta runtse ido, jikinta ya sandare, numfashinta ya tsaya.

"Ka ja iska," in ji Mama a kunnenta. "Ka sake. Yawwa. Yanzu ka gaya mini, wane kala za mu yi anko?"

"Mama...?"

"Anko na biki! Ni kore nake so."

"Zan koma na hagu yanzu," in ji likita.

"Tsaya!" Rosemary ta yi ƙara. "Don Allah tsaya!"

Nan take ya janye hannunsa, ya ja da baya. Ba wanda ya yi tsaki, ba wanda ya ce ta yi sauri. Nas Hellen ta share mata gumi. Abin ya ba ta mamaki, ashe in ta ce a tsaya za a tsaya. Ta ja numfashi mai tsawo, ta damƙe gefen zanen.

"Ci gaba..."

"Kore," Mama ta nace.

"Kore ba ya yi wa Onyedi kyau, Mama," ta ce cikin kuka. "Ruwan goro..."

"Ruwan goro! A bikin ɗana? Ka ji yarinya!"

Suna cikin wannan musun ta ji an ce, "Mun gama, Malama. Ki mayar da rigarki."

Ba a gama da tsoro ranar ba. An yi hoto, an ɗebi ɗan nama da allura aka aika Jos, aka ce a jira. Jiran nan ya ramar da ita. Amma yanzu in fargaba ta taso, shagon atamfa take tafiya ta zauna, Onyedi kuma ya koyi zama kusa da ita ba tare da ya kira kowa a waya ba. A bencin asibitin ya mayar mata da zoben, ta karɓa.

Da sakamakon ya dawo aka ce ba ciwon daji ba ne, za a cire ƙullutun kawai, Onyedi ya durƙusa a tsakiyar baranda yana kuka ba kunya. Rosemary kuwa mahaifiyarta ta tuna. Da an sami mai lulluɓe ta da zane...

Ranar Lahadi ta koma kwaya gabanta na faɗuwa. Ana tsakiyar waƙa aka sunkuyo daga baya.

"Malama, kin yi sauri, jira mu."

Shi ke nan abin da ya ce.

Ana saura mako guda biki ta wanke zanen, ta goge, ta naɗe, ta kai shago. Ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu.

"Mama, ga zanenki. Na gode."

Mama Adaku ta ci gaba da awon yadi, ko kallonsa ba ta yi ba.

"A wurinmu uwar miji ne ke ɗaura wa amarya zane, kuma ba a mayarwa. Na riga na ɗaura maka, 'yata. Ka tashi ka taya ni naɗe ruwan goron nan."