Injiniyar da Ke Kiwon Ciwon Daji a Kwalba

Ranar da suka fara haɗuwa faɗa ta yi masa. Na'urar da ke ɗumama ƙwayoyin ciwon dajin da take bincike a kansu ce ta tsaya tun da safe, mai gyara kuma bai iso ba sai da rana ta take. Ya shigo ɗakin binciken rataye da jakar kayan aiki, yana murmushi kamar wanda aka gayyato biki.

"Malam, wata takwas nake rainon abin da ke cikin nan. In suka yi sanyi suka mutu, kai za ka haifo mini wasu?"

"Allah ya huci zuciyarki, Injiniya. Ni haɗa waya na iya, haihuwa kam ba fannina ba ne."

Ta kawar da kai don kada ya ga dariyarta, amma ya gani. Cikin minti ashirin na'ura ta tashi. Daga ranar kuma, na'urar da ta shekara biyar lafiya lau sai ta koma buƙatar dubawa kowane mako.

Injiniyar sinadarai ce. Aikinta neman hanyar da magani zai isa ga ƙwayar ciwon daji ba tare da ya ƙona masu lafiya ba. Kowane kwana biyu sai ta canza wa ƙwayoyin ruwan da suke rayuwa a ciki, ko ranar hutu ce. Shi kuwa ya mayar da abin tsokana, har ya laƙaba mata suna saboda farar rigar aikinta.

"Farar Rigata, yaya 'ya'yanki na kwalba? Kin ba su abinci, ni kin bar ni da yunwar muryarki."

"Gwanina, su ba sa surutu, shi ya sa nake fara sallamarsu."

Da maganar aure ta taso, Babanta bai ja magana ba. Ya ga yaro mai sana'a da ladabi, ya ce Allah ya tabbatar da alheri. A gidan su Mai Gyara ne aka samu cikas, kuma da hannunta ta jawo.

Ranar da ta je gaida mahaifiyarsa, tana zama ta zaro ƙaramar kwalbar sifirit daga jaka, ta goge hannu har wuyan hannu, sannan ta durƙusa ta gaishe ta. Aka kawo ruwa ta sha, ta sake gogewa. Wallahi ba ta ma san ta yi ba, shekara shida tana yin haka sau hamsin a rana. Mama kuwa idonta na kan hannun.

"'Yar nan, wane aiki kike yi?"

Baiwar Allah ta gyara zama, ta yi bayani tiryan-tiryan, har da alfahari. Ba ta lura Mama ta janye ƙafarta ba. Bayan tafiyarta aka jefa kofin da ta sha ruwa a shara.

"In ba ta san tana ɗauke da wani abu ba, me ya sa take ta goge hannu?" in ji Mama. "Ba za a shigo mini da ciwon nan gida sau biyu ba."

Da ya kai wa Injiniya labari, sai a lokacin ya gaya mata ciwon daji ne ya yi ajalin mahaifinsa, yana ɗan shekara goma sha ɗaya.

"Ki yi mata uzuri, Farar Rigata. Za ta sauko."

"Amma ai ba a ɗaukarsa! Ko na sha ruwan kwalbar nan ba abin da zai same ni. Ka gaya mata mana!"

Ya gaya mata. An kai takardu, Mama ta ce ba ta da tabarau. An kawo likita har falo, ta ba shi lemo, ta yi masa godiya, yana fita ta ce ai su likitoci bakinsu ɗaya. Sharaɗinta guda ne, yarinya ta bar aikin.

Injiniya ta yi kuka kwana uku, sannan ta yi abin da har yau in ta tuna sai ta ciji yatsa. Ta danƙa wa wata abokiyar aiki ƙwayoyinta da littafin bincikenta, ta koma koyarwa a wata kwaleji. Tana tsaye gaban allo tana lissafin zafi da matsi, rabin ajin na hamma, zuciyarta na can wajen kwalaben da wata ke canza wa ruwa.

Shekara ta zagayo, aka koma wa Mama. Ta ce abin yana daɗewa a jiki, a ƙara jira. Aka ƙara shekara. Ta ce a ƙara.

"Har yaushe?" Injiniya ta tambaye shi. "Akwai ranar da aka rubuta zan tsarkaka ne? Ka faɗa mini in sa a kalanda."

Ya sunkuyar da kai. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, mutumin da ba na'urar da ke gagararsa, a gaban mahaifiyarsa sai ya koma kurma.

Ana cikin haka Yayarta ta dawo daga kasuwa da labari. Ta gan shi a mota da 'yar ƙawar Mama, wata mai shagon yadi, a kujerar gaba. Injiniya ba ta kira shi ba, saƙo ta tura.

"Na bar aikin da na fi so a duniya saboda kai. Shekara biyu ina jira kamar mara gata. Ka auri mai yadin, ita hannunta tsarkakakke ne. Na gaji."

"Mama ce ta ce in sauke ta a tasha, ko sunan shagonta ban sani ba. Na gaya wa Mama yau, in ba ke ba, to ba kowa. Don Allah ki ɗaga wayata, Farar Rigata."

Ba ta ɗaga ba. Ta nemi komawa ɗakin bincike, aka ce an cike gurbinta tuni. Sai ta ajiye koyarwa ta kama aiki a wata masana'antar magunguna, tana kula da manyan tukwanen haɗa sinadarai, sanye da hular kwano da takalmin ƙarfe. Ko ba komai, ƙarar injina tana hana ta tunani.

Mako na bakwai, da tsakar rana, mai gadi ya aiko cewa wata dattijuwa na jiranta a bakin get. Ta fito ta tarar da Mama zaune a benci, ta rame, jaka a cinya ta riƙe da hannu biyu. Injiniya ta durƙusa ta gaishe ta, daga nesa.

"Ɗana ya daina cin abincina," in ji Mama. "Amma ba shi ya kawo ni ba. Tambaya zan yi miki, ki dubi Allah ki gaya mini gaskiya. Da gaske ba a ɗauka?"

"Ba a ɗauka, Mama."

"Ko an ci a kwano ɗaya? Ko an rungumi mutum?"

"Ko an kwana ɗaki ɗaya shekara goma."

Mama ta ƙara rungume jakarta.

"Wata biyar babansu ya yi a kwance. Maƙwabta suka ce in raba shi da yara, na raba. Na ware masa kwano da kofi, na rufe ƙofa. Yana kiran ɗan nan ta taga, yana cewa a bar shi ya dafa kansa ko sau ɗaya, ni kuma ina janye yaron." Ta juyo ta dubi Injiniya. "In maganarki gaskiya ce, to a banza na hana shi 'ya'yansa. Kin ga abin da ya sa ban so ki yi gaskiya ba?"

Shekara biyu Injiniya tana tanadin maganganun da za ta faɗa wa matar nan, masu zafi, a jere. Ta neme su ta rasa. Haushin bai tafi ba, don binciken da ta rasa ba zai dawo ba, amma ta tashi ta zauna a gefenta.

"Abin da aka gaya miki kika yi, Mama. 'Ya'yanki kike karewa."

"Ke ma na cuce ki."

"Kin cuce ni kam," ta ce, hawaye na zubo mata. "Amma na yafe."

Da yamma ta buɗe wayarta ta rubuta: "Gwanina, ka je ka ci abincin Mama. In ka ƙoshi ka zo, Baba na son ganinka."

Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta shigo: "Ina hanya. Abincin ya jira."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da jama'a suka ragu, Mama ta sa aka kira mata ango da amarya. A gaban amaryar ta nemi gafarar ɗanta kan ƙofar da ta rufe, shi kuma ya kifa kai a gwiwarta ya yi kukan da bai yi ba tun yana yaro. Sannan ta juyo.

"'Yata, alfarma ɗaya nake nema. Duk ranar da na kwanta, ko wane irin ciwo ne, kada ki bari a rufe mini ƙofa. Ki turo mini jikokina su hau gadon su dame ni."

"Na yi alkawari, Mama."

"To Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Allah ya sa a samu waraka ta hannunki."

Suka ce amin, ango ya fi kowa ɗaga murya.