Tsani Ko Matakala

Ku yi mini afuwa, 'yan uwa. Ni dai mai karatu ce, ban taɓa rubuta ko layi ɗaya don idon wani ba. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri, kada ku yi dariya da ƙarfi...

*

"Sauka mana ki gani, amaryarmu! Ai a gidanki za a sa shi."

Auta ta leƙa ramin da ke gabanta. Kwamin ninƙaya ne na faiba, wani abu mai tauri da santsi kamar roba, shuɗi shar, babu ko ɗigon ruwa, an binne shi a filin kamfanin da ke sayar da irinsa don masu saye su gani. Zurfinsa ya shanye tsayin mutum. Hanyar shiga ɗaya ce tal, wani siririn tsanin ƙarfe a miƙe ƙyam.

Ta ƙara damƙe sandarta.

Mai maganar Gimbiya ce, 'yar ƙanwar Umma, wadda dangi suka daɗe suna yi wa tanadin Lauya, kafin ya je laburare aron littafi ya baro zuciyarsa wurin ma'aikaciyar da ta buga masa hatimi. Auta ke nan. Tun haɗarin motar da ta yi, ƙafarta ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Likitan ƙashi ya ce tafiya cikin ruwa ce maganinta, shi ya sa Lauya ya ware bayan gidan da yake ginawa, ya ce nan za a yi mata wurin ruwa.

Sai dai Umma, mahaifiyarsa, har yau ba ta ce ta amince da auren ba.

"Macen da hawa da sauka ke gagara, yaya za ta riƙe gida?" Haka ta ce, maganar kuma ta zagayo har kunnen Auta.

Yau ce rana ta farko da suka fito tare.

Tun shigowarsu manaja ya zagaya da su. Akwai na roba mai ƙarafuna, wanda ake kafawa a saman ƙasa a naɗe in an gaji da shi. Umma ta taɓe baki ta ce wannan ai bahon wankin yara ne. Akwai na siminti, shi haƙa ake yi a gina yadda mutum yake so, har da matakala masu faɗi, sai dai yana cin lokaci. Sai wannan na faiba, ƙerarre ake kawo shi kamar ƙaton kwano, a binne a wuce wurin.

"Shi manya ke yayi, Umma," in ji Gimbiya. "Na zo na duba tun shekaranjiya. Ko amaryar tamu tsoro take ji ne?"

Lauya ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Sanyin idona, ba sai kin sauka ba..."

"Faɗa da ƙarfi mana, Umma ta ji," in ji Auta.

Ya saci kallon mahaifiyarsa. Ya sunkuyar da kai.

Mutumin da in ya miƙe a kotu har alƙali ke gyara zama! Amma a gaban Umma bakinsa mutuwa yake yi murus.

Auta ta ɗago kai. Ta kalli Umma, ta ga idonta ƙur a kan ƙafar nan.

"Zan sauka," ta ce.

"Kawo sandar in riƙe miki, 'yar uwa!" Gimbiya ta karɓe da sauri.

Auta ta juya baya, ta kama ƙarfen da rana ta gasa. Ƙafar dama ta fara laluba mataki, ta hagu na biye da ita a sandare. Hannuwanta ne ke ɗauke da nauyinta duka. Gumi ya fara bin bayanta. Tana cikin sauka sai ƙafarta ta lalubi mataki ta rasa... tsanin ya ƙare, ƙasa kuwa da saura!

Ta saki.

Dum!

Zafi ya ratsa ta har tsakar ka, amma ta cije leɓe ta tsaya da ƙafafunta. Ta ɗaga kai ta ƙaƙaro murmushi.

"Yana da kyau, Umma."

Gimbiya ta tafa. "Sannu da ƙoƙari! To hawo mu tafi, rana na dukan Umma."

Sai a lokacin Auta ta kalli tsanin da kyau. Matakin ƙarshe yana daidai ƙugunta.

"Subhanallahi!" Manaja ya dafe kai. "Ai ba ya kaiwa ƙasa, ranki ya daɗe. In da ruwa, ruwan ne ke ɗaga mutum ya kama. Ban zaci da gaske za ta shiga ba! Bari in nemo benci."

Ya ruga.

Auta ta kama ƙarfen ta yunƙura. Ƙafar dama ta kasa kaiwa, ta hagu ta ƙi ɗaukarta. Ta sake yunƙurawa, takalminta ya zame a santsin faiba, haɓarta ta bugi ƙarfe.

Ma'aikatan wurin suka fara leƙowa.

"Ayya!" Gimbiya ta langaɓe kai. "Kin gani ko, Umma? A gida haka za a riƙa kiran maƙwabta su ciro ta."

Hawayen da Auta ke dannewa suka ɓalle.

Shi ke nan. Ta ba su abin da suka zo gani.

Sai ta ji dirar mutum a bayanta.

Lauya ne. Ko tsanin bai bi ba. Ya cire kwat ɗinsa ya yar, ya zo ƙarƙashin tsanin ya durƙusa, ya kafa gwiwa ɗaya.

"Taka."

"Ka haukace? Umma na kallo!"

"Na sani. Taka gwiwata, ki taka kafaɗata, ki hau."

"Kai!" Muryar Umma ta tsaga wurin. "Tashi daga nan! A gaban mutane za ka durƙusa mace ta taka ka?"

Lauya bai tashi daga durƙuson ba. Amma ya ɗaga kai, a karon farko ya haɗa ido da mahaifiyarsa.

"Umma, tun da kika haife ni ban taɓa yi miki musu ba. Yau ma ba musu nake yi ba, roƙo ne. Ita nake so, da ƙafarta da sandarta. Don ita za a yi wurin nan, ba don manya su yaba ba. In wannan kika zaɓa, na yarda... amma ki sani kullum haka za ki riƙa ganina."



"Yaya, wai kai..." Gimbiya ta fara.

"Kin ce kin zo shekaranjiya. Kin ga inda tsanin ya tsaya ko ba ki gani ba?"

Gimbiya ta kawar da kai.

Ya juyo ga Auta, muryarsa ta yi laushi. "Na makara da magana, abar ƙaunata. Ki hukunta ni a sama, nan akwai zafi."

Dariya ta kusa kuɓuce mata cikin kuka. Ta zare takalmi, ta ɗora tafin ƙafarta a gwiwarsa. Ya miƙe da ita a hankali har ta kama tsanin da kyau. Daga nan ita da hannuwanta ne. Tana hawa, numfashinta na sarƙewa, ƙarfen na cin tafinta.

Dab da baki ƙarfinta ya ƙare. Yatsunta suka fara zamewa...

Wani hannu ya cafke wuyan hannunta.

Hannu mai taushi, mai zobba.

Umma ce durƙushe a bakin kwamin, mayafinta ya zame, tana nishi.

"Riƙe ni da kyau, 'yar nan. Kada ki saki!"

Suka zube tare a kan tayil. Umma ta daɗe tana kallon tafin Auta da ya yi jawur.

"Don maganata kika shiga ramin nan?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Taurin kai kamar ni," Umma ta ce ƙasa-ƙasa. Ta yunƙura za ta tashi, gwiwarta ta yi ƙas, ta koma da salati. Ta miƙa wa Gimbiya hannu. Gimbiya ta taho da rawar jiki za ta ɗaga ta.

"Sandar nake nufi. Ki je mota ki jira mu."

Da sandar Auta Umma ta miƙe, sannan ta mayar wa mai ita. Daidai nan manaja ya iso da benci a ka, yana haki.

"Ajiye, malam, an gama. Na simintin nan za ka yi mana. Matakala masu faɗi, da ƙarfen dafawa, ruwan kuma kada ya wuce ƙirji."

"Zai ɗauki lokaci fa, ranki ya daɗe."

"Ya ɗauka. Amma ka gama kafin surukata ta tare."

Surukata!

Auta ta rufe fuska da tafukanta.

Umma ta raɗa mata, "Likitan nan naki... yana duba gwiwar tsofaffi?"

"Umma!" wata murya ta taso daga ƙasa. "Ni fa wa zai ciro ni?"

"Ka kare kanka, ba lauya ba ne kai?"

Ni kuwa ganin kowa ya koma leƙen ramin yana dariya, na rungume ɗan littafina, na lallaɓa ta bayan kwamin roba na sulale, tun kafin wani ya waiwayo ya ce wace ce wannan.