Jar Motar da Ke Mutuwa a Moduganari

Rayuwar Jannat ta canza ne a wata Talata cikin watan Afrilu, bayan azahar, lokacin da motarta ta mutu a tsakiyar titi a unguwar Moduganari.

Ba ta yi ƙara ba, ba ta yi hayaƙi ba. Ta ɗan yi tari, sitiyari ya yi nauyi, shi ke nan. 'Yan keke suka taru a baya suna danna hon, kamar hon ya taɓa tayar da mota.

Jannat malamar lissafi ce a wata sakandare, tana hanyar komawa gida Dala. Motar ƙarama ce, ja, ta marigayiya mahaifiyarta. Wanda ya fito ya tura ta gefe shi ne Mikail, mai shagon ƙanƙara da ruwan sanyi da ke daidai wurin.

"Malama, saki birki. Ina turawa kina riƙewa."

"Ban taka ba."

"To ki tambayi ƙafarki."

Ta duba. Ta ɗage ƙafar.

Ya kawo mata benci da ruwa mai sanyi. Da injin ya huce ta murza makulli, motar ta tashi kamar ba abin da ya faru. Washegari ta sake mutuwa a wurin. Haka ta ci gaba, ban da ranakun da aka yi hadari.

Masu son labari sun ce haɗin Allah ne, kuma haka ne. Sai dai daga makarantar zuwa ƙofar shagon Mikail, nan ne iyakar tafiyar da motar ke iya yi a zafin bazara kafin ta gaji.

A kan bencin nan ya san ba ta son a katse mata magana, ita kuma ta san shi ke riƙe da mahaifiyarsa. Daga nan saƙonni suka fara.

"Mai Jar Mota, kin isa lafiya?"

"Na isa, Sarkin Ƙanƙara. Ka daina yi wa motata addu'a."

"Ban roƙi ta mutu ba. Na dai roƙi in za ta mutu, ta mutu a inda zan gani."

"Ina sonka, amma ka yi shiru."

Ya Kaltum, ƙanwar mahaifin Jannat, ita ta hango jar motar daga cikin keke tana dawowa daga Kasuwar Litinin. Da ta sake ganinta a wani makon, ba ta zarce gidanta ba.

"Yaya, motar gidanka ta samu wurin kwana a Moduganari. Kowa ya sani sai kai."

Malam Babakura, mahaifin Jannat, tsohon magatakardan kotu ne. Tun da matarsa ta rasu ya rage magana, ya ƙara yanke hukunci. Kuma yana da nasa ɗan takarar, Inuwa, ɗan amininsa, mai babbar mota da gajeren zance.

Bai yi faɗa ba. Ya kai motar garejin Gambo. Gambo da sanyin safiya yake duba mota, kafin ƙasa ta yi zafin da ba zai iya kwanciya a kanta ba. Ya tayar, ya taka totur, ya zaga unguwa ya dawo.

"Baba, lafiyarta ƙalau. Wannan ai har Damaturu."

Da yamma Babakura ya kira 'yarsa.

"Mahaifiyarki ta yi shekaru tana tuƙa motar nan, ba ta taɓa mutu mata a hanya ba. Sai ke, sai a ƙofar saurayi."

"Wallahi Baba mutuwa take yi."

"Kada ki sa Allah a ciki. Ƙarya kike yi."

Bai taɓa gaya mata haka ba. Ta gane cewa in kalmar nan ta zauna, ba Mikail kaɗai za ta rasa ba.

Washegari da motar ta mutu, Jannat ba ta zauna a benci ba. Ta miƙa wa Mikail makulli ta tare keke. A gida ta ce, "Baba, tana can a mace." Ya ce to, gobe ta ɗauko ta da safe, shi zai zo makaranta lokacin tashi ya tuƙa da kansa, ita tana gefe.

Ba ta gaya wa Mikail wannan ba, don ta yi wa mahaifinta alkawarin daina magana da shi sai an gama bincike. Shi kuma, da aka bar masa mota da makulli, ya yi abin da masoyi mai gaggawa ke yi. Ya kira wani bakanike ya duba ta tun tana da zafi. Mutumin ya kasa kunne wajen tanki ya ce famfon mai ne ya tsufa. Yana cikin tankin, fetur ne ke sanyaya shi. In man ya yi ƙasa kuma rana ta buɗe, sai ya ɗauki zafi ya daina turawa. Kafin magariba an sa sabo. Mikail ya yi shiru da bakinsa, don yana so ya ba ta mamaki.

Ya kuwa ba ta mamakin.

Babakura ya ja motar daga makaranta cikin tsakar rana. Jannat ta ƙura wa titi ido tana jira. Suka shiga Moduganari. Suka wuce shagon, Mikail na tsaye a ƙofa yana murmushi har kunne. Motar ko tari ba ta yi ba. Tsohon ya wuce Dala, ya zaga gari har la'asar, don kada a ce bai yi adalci ba. A ƙofar gida ya zare makulli ya sa a aljihu.

"Daga Litinin Inuwa zai riƙa kai ki."

Tana shiga ɗaki saƙo ya shigo.

"Yaya kika ji ta yau, Jannatina? Na sa an canza famfon mai. Ba za ta ƙara ba ki kunya ba."

Ta mayar masa da amsa.

"Ka gyara motar, ka mayar da ni maƙaryaciya a gaban Baba. Sannu da ƙoƙari."

Ranar Asabar Mikail ya yi sallama a ƙofar Babakura, riƙe da baƙar leda. Ya durƙusa ya gaishe shi da Barbarci, "Wushe, Baba," ya zazzage tsohon famfon a kan tabarma, ya faɗi abin da ya yi.

Tsohon ya taɓa abin da kan sandarsa.

"Wannan ƙarfe ne, ba shaida ba. Kowa zai iya tsinto irinsa a bola. Sannan wa ya ba ka izinin buɗe motar matata?"

"Ba kowa, Baba. Na yi laifi. Amma a mayar da shi. A rage mai daidai yadda Jannat take barinsa, ka tuƙa, ni ina gefe. In ba ta mutu ba, ba za ka ƙara ganina a Dala ba."

Tayin ya yi wa Babakura daɗi ta kowace fuska. Gambo ya mayar da tsohon famfon yana gunaguni, wai bai taɓa ganin an kawo mota a ɓata ta ba.

Suka tashi daga makarantar da rana tsaka. Babakura na tuƙi, Mikail na gefe. Suka doshi Moduganari, gumi ya jiƙa rigar Mikail. Shagonsa ya bayyana. Suka wuce shi.

Gaba kaɗan motar ta yi tari. Sitiyari ya sandare a hannun tsohon, wani mai keke ya kauce da ƙyar yana zagi. Mikail ya dire ya fara turawa.

"Baba, birki."

"Na sani!"

A inuwar wata darbejiya suka zauna suna jiran ta huce. Babakura na ta kallon motar.

"Ba ta taɓa yi wa marigayiya haka ba."

"Bakaniken ya ce in tanki a cike yake, ba ya yi."

"Duk Juma'a take cikawa," in ji tsohon. "Lokacin ana iya cikawa." Ya juyo ga Mikail. "Ka san wauta ka yi?"

"Na sani, Baba."

"To da sauƙi. Inuwa bai taɓa sani ba. Ka turo manyanka."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Aka yi kiɗa, gida ya cika da turaren wuta, Ya Kaltum ta fi kowa guɗa, tana gaya wa mata cewa ita ta fara gano alherin da ke cikin lamarin.

Tsakanin ranar darbejiya da ranar biki, Babakura ya mayar wa Jannat makulli, ya sa an mayar da sabon famfon, ya saya mata kayan ɗaki fiye da ƙarfinsa. Kullum yana cewa gobe zai kira ta su zauna. Mutum yana ɗauka waɗanda ke gidansa za su jira shi, ko da kuwa an taɓa nuna masa ba haka ba ne.

Da aka zo tafiya da amarya, aka kawo ta gabansa lulluɓe cikin lafaya. Ta durƙusa tana kuka.

"Baba, ka yafe mini."

"Ba ki yi mini komai ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Aka amsa da amin. Ya buɗe baki zai ƙara, sai ya ga mata sun zuba masa ido. Ya ce, "Ki gaya wa mijinki kada ya bar tanki ya sauka ƙasa da rabi."

Aka yi dariya, aka ɗaga ta, aka fita da ita.

Ta yi ta zuwa gaishe shi bayan nan, da mijinta, daga baya da goyo. Suna hirar makaranta da tsadar mai. Bai taɓa ce mata, "Jannat, gaskiya kika faɗa, ni ne na zalunce ki" ba.