Mamacin da Ya Kama Haya a Park Hill

Ƙara ɗaya Inusah ya ji, yana riƙe da sitiyari, mota a kunne. Tau! Sai shiru. Juma'a ce da azahar, masu shagunan titin 125th duk sun tafi masallaci, kanti ɗaya ya rage da mutum ɗaya a ciki. Ɗanjuma, ogansu, ya fito a guje da jaka, Kwaku na binsa.

"Ja mota! Ja!"

Inusah ya fizge ta. Sai da suka haye gada suka shiga Bronx ya tambaya wa aka harba. Ɗanjuma ya ce silin ya harba, don gayen ya cika gardama. Kwaku kuwa sai goge hannu yake a wando. Inusah ya gani, ya kau da kai. Shi direba ne, kuma tun a Zangon Kumasi ya san direba mai yawan tambaya ba ya daɗewa a aiki.

Damuwarsa ɗaya ce a duniya: waran, takardar kotu ta a kamo shi. An taɓa kama shi da motar sata, aka ba shi ranar kotu, ya ƙi zuwa. Tun daga nan sunansa ya zame masa ƙaya. A garin nan ba a ba ka ɗaki sai an zuba sunanka a kwamfuta, ita kuwa ba ta da kunya, har abin da kai ka manta sai ta tono. Na Ɗanjuma da Kwaku ya fi nasa muni. Shi ya sa ƙatti uku suke kwana a falon budurwar Kwaku a Highbridge, ita ma ta ce su tattara.

Ba a yi mako ba Ɗanjuma ya ajiye masa katin shaida a cinya. Abdou Yacouba, mutumin Nijar. Ɗanjuma ya ce mai katin ya gaji da sanyi ya koma Maraɗi, ya sayar da takardunsa, suna ne fari tas, ko tikitin fakin babu.

"Dubi hoton, chale. Kai ne sak. Ga goshin, ga haɓar."

Lallai akwai kama. Mai neman wurin kwana ba ya tsayawa tambayar wa ya saƙa tabarma.

Suka zaɓi Park Hill, can Staten Island, inda sai an hau jirgin ruwa, inda ba mai sanin fuskarsu. Matar ofishin gidajen ko ɗaga ido sosai ba ta yi ba. Ta ce za su duba suna, su kuma buga wa tsohon mai gidansa waya, ya jira. Inusah ya fito gumi na bin bayansa. Da aka kira shi aka ce ya zo ya karɓi makulli, har rawa ya taka a tashar bas.

Ɗanjuma ya zo sau ɗaya. Ya cusa baƙar jaka a saman kabad, ya kafa doka: ba masallaci, ba hira da maƙwabta, ba taɓa jaka. Ya ce shi da Kwaku za su shigo in ƙura ta lafa. Ƙura kuwa ta ƙi lafawa. Fiye da wata Inusah yana zaune shi kaɗai, yana amsa sunan wani. In mai kula da gini ya ce "Mista Abdou", sai ya ɗan daɗe kafin ya waiga. Duk da haka ya ji daɗi, gaskiya. Bai taɓa rufe ƙofar da take tasa ba a Amurka sai yanzu.

Wata Litinin da hantsi aka ƙwanƙwasa. Ya leƙa ta hujin ƙofa. Dattijuwa ce daga hawa na uku, Hajiya Zeinabou, mai soya wa 'yan Nijar masa in suna da taro. Tana riƙe da faranti a rufe. Uwa ta yi sallama da abinci a hannu, ina zai kai kunyar ƙin buɗewa? Ya buɗe.

Ta ce sadaka ce. Jiya aka yi arba'in na wani ɗan garinsu, ƙullun ya ragu, ta soya wa maƙwabta don su sa shi a addu'a. Ba ta jira izini ba ta shigo ta zauna, ta ce ya ci tun da zafi. Ya kai ɗaya baki. Rabonsa da masa tun yana gida.

Ta ce yaron kirki ne, shago gare shi a 125th. Ranar wata Juma'a ya tsaya tsaron kanti don 'yan'uwa su samu salla, ɓarayi suka harbe shi a ƙirji, har walat ɗinsa suka ɗauke. Ya bar matarsa Firdaoussi da ciki.

Masar ta tsaya a bakin Inusah.

Hajiya ta ci gaba, a hankali, kamar mai labarin farashin tumatir. Jiya a wurin addu'a Alhajin da marigayin yake haya a gidansa, wanda ma shi ya wanke gawar, ya fasa wani abu da ya daɗe yana cinsa. Wai bayan jana'iza da kwana kaɗan wata Baturiya ta bugo tana tambaya ko Abdou ɗan haya ne nagari, don yana neman ɗaki a Park Hill. Alhaji ya rikice, ya ce mutumin kirki ne ƙwarai, ya ajiye waya. Ya yi shiru tun lokacin, don gidansa cike yake da marasa takardu, ba ya son 'yan sanda a ƙofa. Amma Firdaoussi ta ji. Ba ta yi kuka ba, waya ta ɗauka.

"Bon," in ji Hajiya, tana gyara mayafi. "Kwamfuta ba ta zuwa jana'iza, ɗana. Mu muna zuwa." Ta dube shi tun daga goshi har haɓa. "Kuna kama. Amma shi idonsa ba ya gudu."

Ta fita, ta bar farantin.

Inusah ya buga wa Ɗanjuma. Layi a kashe. Kwaku ma haka. Ya taka kujera, ya jawo jakar, ya zuge. Bindiga ce, naɗe a tsumma, da walat ɗin fata, da hoton wata mace tana dariya. Sai yanzu ya gane abin da Ɗanjuma ya gani a fuskarsa. Ba ɗaki ya nema masa ba. Ya ba shi sunan mamaci, da makamin da ya kashe shi, ya rufe su tare a tsibiri.

Taga — hawa na biyar. Ƙasa — motoci uku, ba jiniya. Matakala — takalma, da yawa, ba sa sauri.

"Police! Buɗe ƙofa!"

Ƙofar da ya yi rawa dominta ta faɗo ciki. Suka danne shi kusa da farantin masa, ankwa ta ciji hannunsa. Wani mai farin kaya ya ɗaga bindigar da safar hannu, ya tambaye shi sunansa.

Shekara da shekaru Inusah yana gudun sunan nan saboda hukuncin da bai fi wata goma sha biyu ba. Yanzu ya faɗe shi da ƙarfi, da na ubansa, da ranar haihuwa. Ya roƙe su su duba kwamfuta, akwai waran a kansa, shi ɓarawon mota ne kawai, wallahi ɓarawon mota ne.

Mutumin ya ce za su duba. Ɗanjuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kwaku, da aka kama shi, ya rantse wa kotu Inusah ne ya shiga kantin. Alƙali ya yanke shekara ashirin da biyar, kuma a wannan karon da sunansa na yanka aka rubuta.