Littafin da Koci Ya Ce a Kawo

A wani ƙaramin gari na jihar Ohio, a shekarar 1953, akwai wata yarinya 'yar shekara tara. Babanta, Orval Dubek, ɗan wasan ƙwallon Amurka ne, wadda ake kamawa da hannu. Aikinsa shi ne ya sheƙa a guje, a jefo masa ƙwallo daga nesa, ya cafe kafin ƙattin ɗaya ɓangaren su danne shi. Shekara shida ke nan yana yi. Yatsunsa biyu sun karkace, gwiwarsa kuma ta fara ciwo.

Kowane ɗan wasa yana da wani littafi mai shuɗin bango, cike da zanen dabarun ƙungiya. Sirri ne babba. Kuma duk 'ya'yan 'yan wasa sun san abu guda. Ranar da Koci, wato mai horar da su, ya ce, "Zo, ka taho da littafinka," to, sallama ce. Haka aka yi wa baban ƙawarta Darlene bara, suka kwashe kaya suka bar garin.

Ranar Asabar da safe waya ta yi ƙara. Baba yana wanka, sai yarinyar ta ɗauka.

"'Yar Dubek ce? Koci Haskell ne. Ki ce wa babanki ya same ni ƙarfe sha ɗaya. Ya taho da littafinsa."

Gabanta ya faɗi. Sai wata dabara ta zo mata, irin dabarar mai jin tsoro, wadda ba ta duba gaba. Idan babu littafi, me za su karɓa? Ta zare shi daga kan tebur, ta cusa shi cikin tsofaffin jaridun da ke bayan gida. Sannan ta faɗa wa Baba saƙon.

Mama ta ajiye butar kofi a hankali.

"Shi ke nan, Marlys," Baba ya ce wa Mama. "Miƙo min littafin."

Aka duba tebur, aka duba mota, har ƙarƙashin gado. Babu.

"Orval, ina ka sa shi?" in ji Mama.

"A nan na bar shi! Ni mahaukaci ne da zan yar da shi?" Ya zauna, ya riƙe kansa. "In sallama ce, wata ƙungiya za ta iya ɗaukata. Amma mutumin da ya ɓatar da sirrin ƙungiyarsa? Wa zai ƙara yarda da shi?"

Yarinyar ba ta taɓa ganin babanta yana tsoro ba. Ta lallaɓa bayan gida don ta ɗauko littafin.

Jaridun ba su nan!

"Mama, ina jaridun?"

"Ke, yanzu lokacin jarida ne? Na ba Lasko mai kwasar takardu. Ga motarsa can ta tashi."

Yarinyar ta fashe da kuka. "Littafin yana ciki! Ni na ɓoye shi. Ba na so a kori Baba!"

Baba bai tsaya faɗa ba. Ya fita da gudu, ko takalmi babu. Motar ta kusa shan kwana ta nufi masana'anta, inda ake niƙe takarda. Yarinyar ta bi shi, numfashinta yana sarƙewa. Ta ga yana ɗingishi, amma bai tsaya ba, har ya doki jikin motar da hannu.

Lasko ya leƙo. "A'a, Dubek! Yau kuma mota kake kamawa? Ƙwallon ta ƙare ne?"

"Lasko, don Allah sauko. Ba wasa nake ba."

Su uku suka yi ta kwance ɗaurin jaridu a bakin titi. A ɗauri na tara shuɗin bangon ya leƙo.

Baba ya tafi wajen Koci. Yarinyar da Mama suka zauna a baranda. Abincin rana ya huce, ba wanda ya taɓa shi. Duk motar da ta wuce sai yarinyar ta miƙe tsaye.

Can sai ga Baba. Littafin yana hannunsa, ya ƙara kauri.

"Sababbin shafuka takwas aka ƙara min," in ji shi. "Koci ya tsara su ne domina. Da ni za a buɗe wasan farko."

Mama ta rungume shi tana dariya da hawaye. Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Baba, ka yafe mini."

Ya durƙusa a gabanta, duk da ciwon gwiwar. "Na yafe, 'yata. Na san so ne ya sa ki. Amma da na je babu littafin, da yau aikina ya ƙare da gaske. Koci bai yi niyyar korata ba. Ɓoyewar ce ta kusa kore ni."

Tun daga ranar yarinyar ta gane. Idan tsoro ya kama ka, ka faɗa wa iyayenka. Kada ka ɓoye komai, domin ɓoyewa takan jawo ainihin abin da kake gudu.